Manomi da Baiwar Gyaɗa

Can a wani zamani, an yi wani manomi mai saurin mamaki. Ran nan a bakin rijiya ya tarar da mata biyar, ya ji ana kiran biyu Talatu, don ranar Talata aka haife su. A kasuwa ya tambayi wasu biyar, sai ga Jummai biyu. A gidan suna ya tambayi wasu biyar, sai ga Laraba biyu.

Ya dawo gida da gudu, ya ce wa matarsa, "Lantana, na samu baiwa! Duk mata biyar da na nuna, sai an samu biyu 'yan rana ɗaya. Gobe zan sayar da gona in zama mai duba."

Lantana ba ta yi musu ba. Ta jera ƙore bakwai, ta ce, "Maigida, ga ranakun mako. Rufe ido ka jefa gyaɗa biyar."

Ya jefa, biyu suka faɗa ƙwarya ɗaya. Ya sake jefawa, biyu suka sake haɗuwa. Ya yi ta jefawa, da ƙyar akan samu su rabu.

Ya ce, "Ikon Allah! Ga wuri isasshe, me ya hana kowace ta kama nata?"

Ta ce, "Wa ya gaya wa gyaɗa inda babu kowa?"

Ya sosa ƙeya, ya ce, "Ashe gyaɗa ma tana da baiwa."

Lantana ta miƙa masa fartanya, ta ce, "Sosai ma, Maigida, amma sai an shuka ta."