Sai Alhaji Sanda Ya Zauna a Tabarmar Baba

Ranar da Nana Aisha ta fara ganin Badaru ko kallon kirki ba ta yi masa ba, don ɓacin rai ya rufe mata ido.

Suna tsaye ne ita da mahaifinta Malam Aliyu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a ofishin Alhaji Sanda dillalin motoci. A hannunsa suka sayi motar da take kai wa ɗaliban jami'a abinci a Gidan Kwano. Ga shi yanzu da ta buɗe ƙofa sai warin fetur ya buge ta, fitilar gargaɗi kuma ta kama ta ƙi mutuwa. Har wata ɗaliba ta ce mata shinkafarta kamar a gidan mai aka dafa.

Alhaji ko leƙa motar bai yi ba. Ya ce tanki ya tafi, famfo ya tafi, duk sai an sake. Kuɗin da ya ambata kuwa sai da Malam Aliyu ya gyara hula.

“Alhaji, da dai an duba tukuna,” in ji tsohon a hankali. “Na ga ko ɗigon mai babu a ƙasa.”

“Malam, ka zo koya mini sana'ata ne? Wanda ba shi da kuɗin gyara ai Keke Napep ba ta ƙare a Minna ba. Ku ba mutane wuri!”

Ma'aikata suka fashe da dariya. Malam Aliyu ya yi sallama ya fita, kansa a ƙasa. Nana Aisha ta bi shi tana rantsuwa a zuci: wallahi sai mutumin nan ya ba Baba haƙuri a gaban jama'a, yadda ya tozarta shi a gaban jama'a.

Mutum ɗaya ne bai yi dariyar ba, wani dogo mai rigar aiki. Ya biyo su har bakin titi, ya ce sunansa Badaru, shi ke kula da garejin, Alhaji kuma baffansa ne da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Ya roƙi lambarta. Ta watsa masa ita a fusace.

Da la'asar saƙo ya shigo:

“Salam, Badaru ne. Ki ba Baba haƙuri, na ji kunya ƙwarai. In akwai wari babu ɗigo, tururin mai ne ke sulalewa ta wani wuri. Kar ki cika tanki, kar a kunna wuta kusa da ita. Zan zo Asabar.”

Ta yi murmushi, amma fa ba na soyayya ba. Maraya ne, baffansa ne waliyyinsa. To in ya nemi aurenta, wa zai zo ya zauna a tabarmar Baba yana roƙo? Ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ran Asabar ya iso unguwarsu, Barkin Sale, da ɗan injin hayaƙi na gano yoyo. Ya fara duba murfin tanki, robar lafiya lau. Sai ya hura hayaƙi cikin bututun tankin, ya ce ta durƙusa ta taya shi kallo. Can sai ga wani siririn hayaƙi yana tashi ta bayan tayar baya.

“Ga shi can!” ta ce, ta ma manta tana fushi.

Ya shige ƙasa ya fito da guntun tiyo duk shaidar haƙora.

“Ɓera ne. Su ma ɓerayen Barkin Sale sun san motar mai girki.”

Dariya ta kuɓuce mata. Kafin azahar ya sa sabon tiyo, wari ya ɗauke, fitila ta mutu. Tankin da aka ce ya tafi kuwa yana nan garau.

Daga nan zance ya ɗore. Ita da ta ɗana tarko, sai ta wayi gari tana duba waya tun kafin ta ɗora tukunya.

“Nanata, yau na wuce ta gabanku ina ta addu'ar ɓera ya sake yi mini hanya.”

“Injiniya, ka ji tsoron Allah. Zo ka ci tuwo, ba sai mota ta lalace ba.”

Da magana ta kai kunnen manya, sai gari ya ɗau zafi. Alhaji Sanda ya ce ga 'yarsa Safara'u ya tanadar wa Badaru, ba zai je gidan matsiyata neman aure ba. Malam Aliyu shi ma ya ce gidan da aka kore shi ba zai kai 'yarsa ba. Safara'u kuwa ta bi diddigi har ta jiyo rantsuwar nan daga bakin wata ƙawar da Nana Aisha ta taɓa faɗa wa sirrinta, ta kai wa Badaru da ɗuminta.

Ya zo fuska a ɗaure.

“Nana, gaskiya ne? Sanda kawai kika mai da ni don ki doki Baffa?”

Ƙarya ta zo mata har baki, ta haɗiye.

“Da haka na fara. Kuma har gobe ban yafe masa ba, Badaru. Ubana ne fa.”

Ya juya ya tafi. Kwanaki suka shuɗe babu kira babu saƙo. Ta rame, girki ma gishiri yake yi mata yawa. Da abin ya ishe ta, ta rubuta masa:

“Na cuce ka, na sani. Amma yanzu ko Baffanka bai taɓa taka ƙofarmu ba, kai nake so. Ka yafe mini, Injiniyana.”

Amsa ta zo nan take:

“Nanata, zai taka. Ni ma ban manta da kan Baba a sunkuye ba.”

Washegari ya ajiye wa Alhaji makullan gareji, ya ce aure ko sallama. Kwastomomi suka fara bin sawunsa, dangi kuma suka taso Alhaji a gaba, suna cewa ɗan ɗan'uwanka maraya za ka bari bare ya nema masa aure? Girman kai dai ba ya ɗaure tiyo. Ranar wata Juma'a sai ga Alhaji da ƙwaryar goro da dattawa, ya cire takalmi ya zauna a tabarmar Malam Aliyu, maƙwabta sun cika zaure. Nana Aisha na bayan ƙofa tana kasa kunne.

Alhaji ya yi ƙasa da murya. “Malam, abin da ya faru kwanaki, a yi haƙuri.”

Malam Aliyu ya kara tafi a kunne. “Na'am? Ƙarar jirgi ta cinye mini kunne, Alhaji. Ɗan ɗaga.”

“Na ce a yi haƙuri!”

“A yi me?”

Alhaji ya share gumi, ya ɗaga murya har masu wucewa a layi suka tsaya: “Na yi maka rashin mutunci, Malam! Ka yafe mini! Kuma muna roƙon ka ba ɗanmu Badaru auren Nana Aisha!”

“Af, to yanzu na ji. Na yafe, na kuma ba ku.”

Nana Aisha ta toshe baki da mayafi, dariya da hawaye suka haɗe mata. Wani sanyi ya ratsa ta har ƙafa.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure, Alhaji Sanda da bakinsa ya karɓa wa Badaru. Da za a kai amarya ta durƙusa gaban mahaifinta, ya dafa kanta ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zuri'a mai kare mutuncin iyaye. Badaru na bakin ƙofa yana ta zuba amin.

Ta matso ta raɗa masa can ƙasa-ƙasa, “Baba, wai yaushe kunnenka ya yi nauyi?”

Tsohon ya ji sarai. Ya ce, “Ranar nan kawai, 'yar nan. Tashi, mijinki na jira.”