Kwana Ashirin Da Ɗaya

"Ajiye allurar nan!"

Rifkatu ta ɗago a firgice. Surukarta ce, Mama Asabe, tsaye a bakin ƙofa da ƙullin kaya a ka, ko sallama babu. Sammako ta yi daga ƙauyensu na ƙasar Gwaram zuwa Birnin Kudu.

"Sannu da zuwa Mama... bari in ƙarasa yi masa, lokacinta ne ya yi."

"Na ce ki ajiye! Shekara nawa kina soka wa ɗana ƙarfe a ciki? Ya warke?"

Filibus na zaune a bakin gado ya ɗage riga, ƙafarsa ta hagu naɗe da bandeji. Malamin firamare ne, ciwon sukari ya kama shi tun yana saurayi. Shekara huɗu ke nan da aurensu, kuma safe da yamma Rifkatu ce ke yi masa allura bayan sun karanta Zabura sun yi addu'a tare. A gindin randa take ajiye kwalaben maganin don su yi sanyi. Wata biyu da suka wuce ƙusa ta soke shi, wurin ya zama gyambo ya ƙi warkewa.

Mama ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Daga wurin Annabi Maikano nake."

Rifkatu ta ajiye allurar. Ta san labarinsa. Tun shekarar da ambaliya ta cinye gonaki ya buɗe gidan addu'a a gindin wani dutse bayan Dingaya, yana wa'azi cewa alamun ƙarshen zamani sun cika, yunwa da ruwa da tashin hankali duk an rubuta su. Mutanen da wahala ta isa suka yi ta tururuwa wurinsa.

"An nuna masa wahayi," in ji Mama. "Ya ga Filibus cikin jirgin ruwa, hadari na neman kifar da shi. Ya ce akwai mai zunubi a jirgin, kamar yadda aka yi da Annabi Yunusa. Sai an jefa shi waje ruwa zai kwanta."

"Wa ke nan, Mama?" Filibus ya tambaya a hankali.

Ta nuna Rifkatu da baki.

"Ga ta nan. Shekara huɗu ko ɓari ba ta taɓa yi ba, kai kuma kullum ƙarewa kake. Kwana ashirin da ɗaya za ka yi a gidan addu'a. Ba allura, ba ita. Ko inuwarta kada ta taɓa ka."

Rifkatu ta ce, "Mama, don Allah... Fasto ya ce magani ma baiwar Ubangiji ce..."

"Fasto yana ganin wahayi ne? Karatu kawai ya yi! Kai kuma Filibus, in ka zaɓi matar nan ka bar ni, yau zan ɗaga maka nono a tsakar gidan nan."

Ta fita ta bar su.

Rifkatu ta durƙusa a gabansa ta riƙe hannayensa.

"Maigida, kada ka tafi. Ka ji abin da likita ya ce, in ka bar allurar nan..."

"Na kuma ji ya ce in gyambon bai warke ba za a yanke ƙafar." Ya dubi bandejin. "Tsoro nake ji, Rifi. Wallahi tsoro nake ji. In kuma Allah ne ya yi magana fa?"

"To ni ce mai zunubin? Kai ma ka yarda?"

"A'a! Haba Rifkatuna... ke da kike wanke min ƙafar nan da hannunki? Ke ce sanyin idona. Amma uwata ce. Kwana ashirin da ɗaya ne kawai, in dawo mu ci gaba da zamanmu."

Tana kuka ta haɗa masa kaya. Ta naɗe kwalaben allurar a jiƙaƙƙen tsumma ta cusa cikin takalminsa na zuwa coci, ta raɗa masa a kunne. Ya gyaɗa kai.

Amma Mama ba ta yarda da jakar ba. A tsakar gida ta zazzage ta, kwalaben suka gangaro. Ta ɗauki taɓarya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dakawa, har maganin ya jiƙa ƙasa.

"Kin ga halinki ko? Har cikin takalmi kike bin sa da mutuwa!"

Ta karɓe wayarsa ta jefa wa Rifkatu a jiki, ta tisa ƙeyarsa zuwa tasha. Yana ɗingishi yana waige har suka sha kwana.

Daga ranar Rifkatu ta shiga azumi. Ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta karanta labarin Yunusa ya fi sau goma, tana neman kanta a ciki. Ta tuno duk laifin da ta taɓa yi tun tana yarinya ta furta shi a gaban Allah.

"Ya Ubangiji, in ni ce, ka ɗauke ni ka bar shi. In kuma ba ni ba ce, ka yi magana mana! Me ya sa kake magana da Maikano, ni ka yi min shiru?"

Babu amsa. Sai kukan tantabarun maƙwabta.

A kwana na uku ta roƙi Fasto ya je. Ya tafi da dattawan coci biyu, suka dawo da yamma jiki a sanyaye. A ƙofa aka tare su, aka ce mara lafiya da bakinsa ya ce ba ya son ganin kowa.

"Mu ci gaba da addu'a, 'yata," in ji Fasto, bai iya kallon idonta ba.

Ranar kwana na shida maƙwabciyarta Juwairiyya ta shigo da kofin kunu, ta same ta kwance a ƙasa leɓe ya bushe.

"Ke Rifkatu, tashi! Kashe kanki za ki yi? Ni dai ban san littafinku ba, amma wane Allah ne ya hana bawansa shan magani?"

"An ce in na je zai mutu..."

"In ba ki je ba fa? Ga maigidana Baban Hawwa can bai fita da mota ba tukuna. Ɗauko mayafinki!"

Malam Jafaru, mijin Juwairiyya, direba ne da ya san hanyar Gwaram kamar tafin hannunsa. Kafin azahar sun isa.

Gidan addu'ar zagaye yake da zana. A ciki doguwar rumfa ce, marasa lafiya jere a kan tabarmi, mata na kaɗa ganga suna waƙa. Rifkatu ta ture mai gadin ƙofar ta kutsa. Tun daga nesa warin gyambon ya gaya mata inda yake.

Da ƙyar ta gane shi. Ido ya zurma, yana numfashi da ƙarfi kamar wanda ya sha gudu, ƙudaje sun rufe ƙafar. A gefensa ga kwanon zuma da cokali a ciki.

"Zuma?" Ta ƙwalla ƙara. "Zuma kuke ba mai ciwon sukari?"

"Zumar da aka tsarkake ce."

Ta juya. Maikano ne, dogon mutum cikin farar riga har ƙasa, da ƙararrawa a hannu. Bai ɗaga murya ba.

"'Yata, saura kwana goma sha biyar. Abin da kike gani, cutar ce ke fita. In kika taɓa shi, jininsa na kanki."

Mama Asabe ta rugo ta shaƙe mata wuyan riga.

"Uban wa ya kawo ki? Fita! Fita, mayya!"

Rifkatu ta fizge har rigar ta yage, ta faɗa kan mijinta ta rungume shi.

"Malam Jafaru, taimake ni!"

Jafaru ya ciccibe shi kamar jariri ya nufi mota. Ba wanda ya tare shi. Gangar ma ta yi shiru.

A kujerar baya ta ɗora kansa a cinyarta tana jiƙa masa leɓe da ruwa. Sun yi nisa a kan kwalta sai ya buɗe ido.

"Rifi... ke ce?"

"Ni ce, masoyina. Ni ce. Asibiti za mu."

"Ashe ba ki tafi ba..."

"Ina zan tafi?"

"Na yi ta kiranki. Mama ta ce... kin kwashe kaya... kin koma gidanku. Ta ce kin gaji da gurgu."

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne, Filibus! Ina gida ina jiranka!"

Ya yi ɗan murmushi, ya laluba hannunta ya riƙe.

"Yi min addu'a... irin ta safe."

Ta fara. Ba ta kai rabi ba ta ji hannun ya saki. Ana hango rufin gidajen Birnin Kudu lokacin. Jafaru ya kalli madubi, ya rage gudu, ya ce, "Innalillahi..."

Da la'asar Mama ta iso asibiti da 'yan'uwa. A gaban jama'a ta wanke Rifkatu da mari.

"Annabci ya cika! An ce kada ki taɓa shi, kin taɓa! Da kin bar shi da yanzu yana raye. Kin kashe min ɗa, hankalinki ya kwanta!"

Suka tafi da gawar ƙauye. Aka aiko cewa in ta taka wurin jana'iza sai an fasa mata kai. Daga bayan wata gonar dawa ta tsaya, Juwairiyya na riƙe da ita, ta hango ana sauke akwatin mijinta. Ko ƙasa ba ta zuba masa ba.

A rana ta uku da binne shi ta koma ita kaɗai, ta bi ta bayan gari zuwa maƙabarta. Ta ɗauka ba kowa.

Mama Asabe na zaune a gefen kabarin. Ta kawo wankakkiyar rigarsa a ninke, da kwanon tuwo a rufe. Ta rame, ɗankwali ya zame ba ta sani ba. Rifkatu ta ja baya za ta gudu.

"Yi a hankali," in ji Mama, idonta na kan ƙasar. "Annabi ya ce yau zai tashi. Kafin rana ta faɗi. Ya ce in zo masa da abinci, zai tashi da yunwa."

Rifkatu ta fasa gudun. Ta zauna a ɗaya gefen.

Inuwar bishiyar kuka ta yi ta tsawo har ta rufe su. Shanu suka wuce gida. Mama na ta kallon yamma, tana kallon kabarin, tana sa kunne a ƙasa. Rana ta yi ja, ta taɓa kan dawa, ta nutse.

Can tsohuwar ta ce, da wata ƙaramar murya, "Bai tashi ba."

"Bai tashi ba, Mama."

"A motar... ya ambace ni?"

Rifkatu ta dube ta. Maganar na bakinta, tana da ɗaci, kuma ta san in ta faɗe ta duka tsohuwar ba za ta ƙara kwana lafiya ba.

"Ya ambace ki," ta ce. Ta tsaya a nan.

Mama ta kifa fuska a kan kabarin ta fashe da wani irin kuka, tana damƙar ƙasa da hannu biyu.

"Yi mana addu'a, Rifkatu... ni ban san wanda zan kira ba kuma. Don Allah yi mana..."

Rifkatu ba ta yafe mata ba. Ba ta ma san ko za ta taɓa iyawa ba. Amma ta durƙusa, ta dafa ƙasar da ta rufe mijinta, ta ɗaga kai sama.

"Ya Uba..." ta ce.

Sauran ya maƙale. Ta sake gwadawa, ya ƙi fita. Haka suka zauna, kabari a tsakaninsu, kowacce na kukan mutum ɗaya.