Sunan da Ke Saman Takarda

Ranar da Ghali ya fara zuwa ofishin Alhaji Dogara, ruwa ake tsugawa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin kamar da bakin ƙwarya. Ya iso jiƙe sharkaf, ya rungume jakar faifansa a ƙirji. Mas'uda ce ta buɗe masa ƙofa. Ta dube shi, ya dube ta, sai ga wani jirgi ya taso daga filin Baiyun ya bi ta saman ginin har gilashin taga yana rawa. Allah ya rufa musu asiri da jirgin nan, don ko babu ƙararsa ba wanda ke da abin cewa a cikinsu.

"Kai ne ɗalibin?" in ji Alhaji daga ciki. "Shigo mana, ka tsaya kana yi mana tafki a bakin ƙofa."

A shekarar 1998 ke nan. Alhaji Dogara ɗan Kantin Kwari ne, yana sayen yadi da takalma yana aikawa Kano. Da 'yarsa Mas'uda ta gama diflomar sakatariya sai ya ɗauko ta ta riƙa buga masa takardun Turanci. Kwamfutar ofishin kuwa a hannun Tankari ya saye ta, wani ɗan kasuwa mai ofis a hawan ƙasa, wanda ya daɗe yana hawowa gaisuwar da ba ta Alhaji kaɗai ba ce.

"Ka ga abin da ke damuna," Alhaji ya nuna allon da bakin carbinsa. "Da kuɗina na saye ta, amma kullum safiya sai ta gaishe ni da sunan wani ƙato. Duk abin da aka buɗe, Tankari. Faks ma in mun aika, Tankari. Wancan satin wata masana'anta a Panyu ofishinsa ta kai samfurin takalmana. Shi ya ce ba ya canzuwa sai an goge komai. Na je kasuwar kwamfuta ta Tianhe, wani ɗan Cana ya kaɗa min hannu ya ce meyo, wai babu."

"Yana canzuwa, ranka ya daɗe," Ghali ya ce a hankali.

Ya zauna, ya buɗe wani wuri da ya kira rajista, inda kwamfuta ke ajiye bayanan kanta layi-layi. Minti goma ba su cika ba allon ya nuna sunan Alhaji Dogara da na kamfaninsa. Alhaji ya gyara hula. Mas'uda ta kawo shayin citta, ta ajiye ba tare da ta ɗago kai ba.

"Sai dai kowace manhaja da inda take ɓoye nata sunan," in ji Ghali, idonsa a kan kofin. "Sai na riƙa zuwa ina bi ɗaya bayan ɗaya."

Maganar gaskiya, aikin yini ɗaya ne. Sati uku ya ɗauka.

Akwai wani ƙamus na Turanci da Sinanci a cikin kwamfutar, wanda ba mai buɗe shi sai Mas'uda. In an buɗe, yakan fara nuna layi biyu, sunan mai amfani da sunan kamfani. Ran nan da safe ta buɗe, sai ta ga:

"Mai amfani: Mas'uda mai shayin citta.
Kamfani: Na gode, har yanzu ina jin ɗuminsa."

Ta rufe da sauri, ta waiga ko Abbanta ya gani. Sannan ta sake buɗewa. Sau huɗu ta buɗe shi kafin azahar.

Da ya dawo ta ce ya koya mata yadda ake canzawa, wai saboda wata rana. Ya koya mata, Alhaji yana waya a gefe.

"Amma ki kula," ya ce ƙasa-ƙasa. "Layukan duk kama suke. In kika taɓa wanda ba shi ba, ba za ta gaya miki ba."

Washegari ya tarar da amsarsa:

"Mai amfani: Malam mai faifai.
Kamfani: Aikin yini ɗaya ka mayar sati uku, na gano ka."

Shi kuma ya bar mata:

"Mai amfani: Sanyin idona.
Kamfani: In na gama, da wane dalili zan dawo?"

Ta yi kwana biyu tana juya wannan a ranta kafin ta rubuta:

"Mai amfani: Ghalina.
Kamfani: Gida yana da ƙofa, Abba kuma yana ciki."

Ya bi ta ƙofar kuwa. Ranar da ya canza suna na ƙarshe, ya durƙusa gaban Alhaji ya faɗi abin da ke ransa, Mas'uda tana bayan labule tana sauraro.

"Dama na sani," in ji Alhaji. "In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Yaro, ba ni da matsala da halinka. Amma danne-danne ba sana'a ba ce. Ɗalibi ne kai, gwamnati ke ciyar da kai. Ga Tankari ya riga ka magana, mutum mai ofis da kwantena. Ba zan yi mata dole ba, amma kai dai a'a. Aiki ya ƙare, an gode, kada ka sake hawowa."

Mas'uda ta ji saukarsa a matakala har ƙasa. Ba ta yi kuka a gaban Abbanta ba, amma abinci ya ƙi shiga.

Ran Litinin ta zauna gaban kwamfutar, ga tarin takardun da za ta aika. Kewa ta ishe ta. Ta ce bari ta rubuta wani abu a ƙamus, ta gani da idonta sau ɗaya kawai ta goge. Ta buɗe rajista, hawaye ya cika mata ido, ta buga: Mas'uda Ghali.

"Mas'uda! Takardun nan fa mutane na jira!" Alhaji ya ƙwala mata kira.

Ta zabura ta rufe. Ta leƙa ƙamus a gurguje, ba ta ga sunan ba, sai ta ɗauka bai shiga ba. Ashe layin da ke ƙasa ta taɓa, na manhajar faks. Ita kuwa wannan manhaja ba ta nuna sunan a allo, sai dai ta buga shi a saman kowace takarda can wurin wanda ya karɓa. Takarda bakwai Mas'uda ta aika ranar. Uku Kano, biyu Panyu, ɗaya wurin masu jigilar kaya, ɗaya ofishin Tankari.

Da la'asar ɗin Talata waya ta yi ƙara. Baffa Maidaji ne, ƙanen Alhaji mai kula da shagon Kwari, muryarsa har inda take zaune.

"Yaya, yaushe ka aurar da Mas'uda ba mu sani ba? Ga takarda ta fito da sunanta haɗe da na wani Ghali. Yaran layi sun riga ni gani, magana ta zaga kasuwa. Wasu ma cewa suke ba banza aka yi shi a ɓoye ba. Mahaifiyarta Hajiya Yalwa tun jiya take kuka."

Innalillahi. Nan take Mas'uda ta gane layin da ta taɓa jiya. Kafin Alhaji ya ajiye waya, ga Tankari ya shigo da tasa takardar, duk ta yamutse saboda yawan hannun da ta bi.

"Lawban, ka gani?" Haka yake kiran Alhaji, wato maigida da Sinanci. "Ɗalibin nan ne. Ka hana shi, shi ne ya ɗana maka tarko don ya ɓata mata suna kowa ya gudu. Na nuna wa mutanenmu a gidan abinci, kowa ya yi tir."

Alhaji ya juyo. "Ke, kin san wani abu a kan wannan?"

Bakinta ya ƙi buɗuwa. Tsoro ne, ba wani abu ba, tsoron idon Abbanta. Ta sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

"Ranar Asabar za ki koma Kano, ki zauna gaban uwarki kowa ya gan ki. Shi kuma zan je har makarantarsu."

Laraba ya dawo da tikiti ya ajiye a kan teburinta. Yini guda tana aiki tana kallonsa. Ta san in ta hau jirgin nan ita da Ghali sai dai a labari, ta kuma san za a hukunta shi a kan abin da hannunta ya buga. Sau uku tana tashi za ta yi magana, sau uku tana komawa ta zauna.

Alhamis da hantsi aka kira Ghali ya zo ya cire sunan. Ya rame. Tankari na tsaye a bakin taga ya harɗe hannu. Ghali ya gaishe da kowa, ya zauna, ya buɗe rajista, ya gangara har layin. Ya daɗe yana kallonsa. Mutum biyu ne kawai suka san hanyar wurin nan, kuma ya san ba shi ba ne. Bai ko waiwayi inda take ba.

"Wa ya rubuta?" in ji Alhaji.

Da ya so, da ya ce cutar kwamfuta ce, Alhaji ba zai gane ba. Amma da an tambaya a ina cutar ta san sunansa, da zance ya koma kanta.

"Laifina ne, ranka ya daɗe. Ita ba ruwanta. Duk hukuncin da ka yanke na karɓa, ka dai bar sunanta ya huta."

"Ka san karatunka zai iya tafiya?"

"Na sani."

Tankari ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ya ɓalle wa Mas'uda harshe.

"Abba, ni ce."

"Rufe min baki! Kare shi za ki yi? Ke ina kika iya abin da 'yan Tianhe suka kasa?"

"Tashi, Malam Ghali," ta ce. Ta rufe duk abin da ya buɗe, ta faro daga farko. Ta bi hanyar tsaf, ta tsaya a kan layin. "Nan na so rubutawa, a ƙamus, inda ba mai gani sai ni. Na kuskure na taɓa na ƙasa. Na so in ga sunan ne sau ɗaya, Abba, tunda ka ce ba zai yiwu ba. Ka yafe min. Ina sonsa, kuma na bar shi ya ɗauki laifina kwana biyu saboda tsoro."

Wani jirgin ya wuce, aka jira ƙararsa ta lafa. Alhaji ya ja carbinsa ɗaya, biyu, uku, sannan ya dubi Tankari.

"Kai ka ce min suna ba ya canzuwa. Ga yarinya ta canza. Wannan na bar ka da Allah. Amma takardar nan da ta zo hannunka, matakala goma sha biyu ce tsakaninmu. Ba ka hawo ba sai da ka zaga gidan abinci da ita. Kai mai son aurenta ka yaɗa, wanda na kora ya rufa. Sauka, Tankari."

Tankari ya juya ya sauka.

Alhaji ya juyo kan Ghali. "Kai kuma ka yi min ƙarya."

"Na yi, ranka ya daɗe."

"Kada ka sake." Ya ɗauki tikitin yana juya shi. "Shekara talatin ina kasuwa, takardar da ta fita daga hannuna ba ta taɓa faɗin abin da ba shi ba. Yanzu ga bakwai sun fita, magana kuwa zarar bunu ce. Mas'uda, goge sunan nan ki mayar da nawa, don yau ƙarya ne. Kai kuma su waye manyanka a Kano?"

"Kawuna yana Yakasai," in ji Ghali.

"To ka buga masa waya, ya je ya samu Maidaji. Tikitin nan kuma ka san yadda za ka yi ka mayar musu, tunda ka iya canje-canje."

Mas'uda ta kifa kai a kan tebur ta fashe da kukan da ta riƙe tun ran Talata.

Bayan sati shida, wata Juma'a, aka ɗaura aure a Kano bayan an sauko masallaci. A Guangzhou an yi isha'i ke nan, 'yan Kano da 'yan Nijar da mutanen zangon Ghana sun cika ofis, ga shinkafa da naman rago, ana jiran labari. Kwamfutar ta yi ƙara, takarda ta fito da rubutun Baffa Maidaji: "An ɗaura. Sadaki ya shiga hannu. Hajiya ta ce a gaya wa ango ya riƙe mata 'ya da amana."

Aka ɗau kabbara da barka. Ghali ya matso kusa da ita.

"Sanyin idona, yanzu ina da dalilin dawowa?"

"Yanzu kuma dalilin fita za ka riƙa nema," ta ce, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Mas'uda," Alhaji ya kira ta. "Zo ki ba Baffanki amsa. Amma fara shiga rajistar nan taku. Kamfani ki bar min sunana. Ɗaya layin ki rubuta abin da kika rubuta ran nan."

Ta zauna, ta nemo layin, wannan karon da gangan. Ta buga shi harafi-harafi, Abbanta na tsaye a kanta yana kallo. Da takardar ta tafi, ya ɗora hannu a kanta.

"To, yau takardata ta faɗi gaskiya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Duk ɗakin ya amsa da amin.