Maɓallin Garkuwa

Shagon gyaran Baba ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai aski da gidan gem, inda ake wasan bidiyo, cike da wayoyi da rediyoyin da aka farke wa ciki. A nan wani saurayi ya fara ganinta, ta sunƙuya kan tebur da ƙarfen narka dalma a hannu, gilashi ya zamo mata har kan hanci. Auta ce, 'yar mai shagon.

Ya yi sallama, ya ajiye pad ɗinsa, wato abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga gem. Ta juya shi sau biyu, ko kallon mai shi ba ta yi ba.

"Ƙofar Ƙarfe kake bugawa," in ji ta. "Kuma matsoraci ne kai."

Ya yi sororo. "Ya aka yi kika sani? Gem ɗin nake nufi, ba tsoron ba."

"Duk maɓallanka lafiya lau, sai wannan na sama ta hagu, ya suɗe kamar tsohon cokali. Na garkuwa ne. Kana lafewa a bayanta har abokin gaba ya gaji don kansa."

"Haƙuri ake kiran wannan, Likita."

Sai a lokacin ta ɗago. Daga ranar sunan Likita ya bi ta, shi kuwa dama Mai Garkuwa ake ce masa a intanet, inda yake ɗora 'yan bidiyoyi bayan ya tashi daga aikinsa na buga takardu.

A watan ne kamfanin gem ɗin ya saki tallar kashi na biyu, ya kuma jefa masoya cikin ruɗani. An cire garkuwa gaba ɗaya. Jarumin zai riƙa gocewa ne kawai, in ya makara ya sha sara. Nan take aka rabu gida biyu, 'yan garkuwa na cewa an lalata musu gem, 'yan gociya na cewa yanzu ne za a gane gwani. Babu wanda ya taɓa buga sabon ko da na minti ɗaya, amma kowa ya rantse ya san yadda zai kasance.

Auta 'yar gociya ce ta gaske. Don haka gyaran minti goma ya ci musu awa biyu, kuma cikin satin pad ɗin ya sake samun matsala har sau uku, matsalar da Likita ta duba ta duba ba ta gani ba.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Barka da rana, Likitata. Na sake kallon tallar. A daƙiƙa ta arba'in akwai wani abu a bayan jarumin. Wallahi garkuwa ce."

"Murfin rijiya ne, Garkuwata. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba. Zuciyata na wajenki, hankalina na wajen murfin rijiya."

"To ka karɓo hankalin, zuciyar ka bar min ita."

Wata huɗu suna haka, kullum musu, kullum ƙauna na ƙaruwa. Baba mutum ne da ba ya son yawan magana, amma ya fara amsa gaisuwar yaron da sakin fuska. Mama ta ce ya yi mata. Har aka sa ranar Asabar da kawunsa zai zo neman aure.

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba, Kyaftin mai gidan gem na maƙwabta. Ya daɗe yana kawo wa Auta gyaran da bai lalace ba shi ma, sai dai shi ba ta taɓa yin musu da shi ba, abin da ya fi komai ƙona masa rai.

To, shawarar da ta jawo komai daga bakin Auta ta fito. Mai Garkuwa ya yi mata ƙorafin cewa bidiyonsa ba sa tafiya.

"Kana magana kamar mai karanta labarai," in ji ta. "Mutane fushi suke son gani. Ka yi ihu, ka buga pad da ƙasa."

"Nawa? Allah ya kiyaye."

"Wa ya ce naka?"

Baba yana da tsarinsa na aiki. Duk kayan da ke da mai shi, yana manna masa farin tef ya rubuta suna da matsala. Wanda ya mutu murus kuwa a jefa shi cikin kwalin ƙarƙashin tebur ba tef, a riƙa cire masa sassa. Auta ta zura hannu har ƙasan kwalin, ta zaro wani tsohon pad ruwan toka mai jan maɓalli guda ɗaya. Babu tef a jikinsa. Ta miƙa masa.

Bidiyon ya yi kyau, gaskiya. Ya ɗaga murya, ya ce an ci amanar masoya, ya maka pad ɗin da siminti ya tarwatse. Cikin kwana biyu dubban mutane suka kalla. Kyaftin ma ya kalla, ya kuma shigo shago ranar Alhamis da wayarsa a hannu da fuskar tausayi.

"Baba, ba gulma ba, amma ya kamata ka ga surukin naka."

Baba ya kalla sau uku. A na ukun ya tsayar da bidiyon, ya ware hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana dubawa. Da Mai Garkuwa ya zo gaisuwa da yamma, ko kujera bai nuna masa ba.

"Ka ce wa kawunka kada ya wahalar da kansa ranar Asabar."

Daga nan kan kowa ya ɗaure. Mama ta ce ai dama ta san wasan yaran nan zai kai su ya baro. Da aka miƙa mata wayar ta ture, ta ce ita ba ta kallon shirme. Auta ta bi Baba har falo tana hawaye.

"Baba, wasan kwaikwayo ne fa. Shi ko sauro sai ya ba shi haƙuri kafin ya kashe. Mataccen pad ne, ni na ɗauko masa a kwali da hannuna."

Ta zaci magana ta ƙare ke nan. Baba ya dube ta wani irin kallo da ba ta taɓa gani ba.

"Ke kika ba shi?"

"Ni ce, Baba."

Ya tashi ya shige ɗaki. Washegari a shago ita ma ya daina yi mata magana, sai dai ya nuna mata sukundireba da baki. Ta faɗi gaskiya abu ya ƙara lalacewa, ta rasa ta ina za ta kama.

Mai Garkuwa kuwa ya kwana biyu yana lissafi, kuma kamar yadda masoyi ya saba, ya fito da amsar da ta fi kowacce wauta. Kyaftin ne ya taimaka masa, da suka haɗu a wurin mai aski.

"Ba ka sani ba? Ai Baba ɗan gociya ne. Kullum yana jin muhawarar nan ta bango. Ka zagi ɓangarensa a gaban duniya, me kake tsammani?"

Mai hankali zai tambayi kansa yaushe Baba ya taɓa riƙe gem. Mai Garkuwa bai tambaya ba. Ya koma gida ya ɗora sabon bidiyo, ya ce ya yi nazari, cire garkuwa shi ne daidai, yana neman afuwar manya. 'Yan garkuwa suka ce an saye shi. 'Yan gociya suka ce ba sa karɓar tubabbe. Baba bai ma san an yi ba. Saƙon Auta ne ya fi zafi.

"Wata huɗu ina kawo maka hujja ba ka motsa ba. Yau tsoro ya juya ka cikin kwana biyu. Ashe gaskiya na faɗa ranar farko."

"Likitata, don ke na yi. Ni ban ma san abin da na yarda da shi ba yanzu. Ki faɗa min laifina in tuba, wallahi ko wanne ne."

"Ni ma ban san laifin ba. Shi ya sa nake kuka."

Ta yi kukan kuwa, a kicin, har Mama ta gaji ta goge hannu ta ce, "Kawo shirmen nan in gani." Ta kalla fuska a yamutse. Daidai inda ya ɗaga pad ɗin sama, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Auta, mai jan maɓallin kika ba shi?"

"Mama, matacce ne. Ba tef a jikinsa."

"Ina zai sa masa tef, ya san mai shi? Ke ba ki tuna ba? Kina shekara tara kika ɗauke shi a ɓoye, kika ciro jan maɓalli daga rimot ɗin talabijin kika dasa masa, ya tashi. Abu na farko da kika fara gyarawa ke nan. Ranar ubanki bai ce miki komai ba, amma ni sai da ya hana ni sakat da labarin har sati. Shekara goma sha biyar yana ajiye da shi a ƙasan kwalin nan don kada kowa ya gani ya ce yana da taushin zuciya."

Auta ta zauna a ƙasa. Rimot ɗin ta tuna, don ta sha faɗa a kansa. Pad ɗin kuwa ya ɓace mata sam. Sai yanzu ta gane kallon da Baba ya yi mata, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Mai Garkuwa: "Ina gutsattsarin pad ɗin? Don Allah kada ka ce ka zubar."

"Suna cikin leda a durowata. Ke kika ce min a shagonku ko sukuru ba a yarwa."

Washegari da Mai Garkuwa ya tashi aiki ya shigo shago da ledar, ya durƙusa, ya zazzage ta a hankali kan tebur. Guda goma sha bakwai, har da jan maɓallin.

"Baba, ban san darajarsa ba. Ban iya gyara ba, amma ina roƙon ka bar ni in gwada."

Baba ya dubi gutsattsarin, ya dubi yaron. Ya tura masa kujera da ƙafa. Auta ta matso da gam, ya ɗaga mata hannu.

"Ke kin yi naki gyaran. Wannan nasa ne."

Kwana shida ya yi yana zuwa. Ya ƙona yatsu uku, ya manne hannun rigarsa da tebur, ya haɗa waya a juye sau biyu. Baba bai koya masa komai da baki ba, sai dai in ya ga zai yi ɓarna ya yi gyaran murya. Kyaftin ya leƙo rana ta biyu yana dariya. Rana ta biyar ya leƙo bai yi dariya ba, ya koma.

Rana ta shida aka jona pad ɗin. Ya yi muni, duk jikinsa tabon gam. Baba ya karɓa yana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Jarumin ya yi gudu, ya yi tsalle, ya kai sara. Jan maɓallin ma ya amsa. Sai ya danna na sama ta hagu. Shiru. Ya sake dannawa. Garkuwa ta ƙi fitowa.

Gumi ya karyo wa Mai Garkuwa. "Baba, a ƙara min kwana biyu."

Baba ya ajiye pad ɗin, ya cire gilashi yana gogewa.

"Wata huɗu kuna cika min kunne a shagon nan. Ba cewa kuka yi a na biyun an cire ta ba?"

Auta ta toshe baki, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Na ga ka iya fasawa, raina ya ɓaci," in ji Baba. "Yanzu na ga ka iya zama ka tattara. Ni ma da laifina, da na sa masa tef. Ka ce wa kawunka Asabar."

An ɗaura auren sati ɗaya kafin fitowar gem ɗin. Kyaftin ya zo, ya ci ya ƙoshi, ya ce shi dama can ya san za a daidaita.

Ranar da kashi na biyu ya fito, suna zaune a falonsu da rana, ango ya mutu sau goma sha ɗaya a ƙofar farko, don yatsansa ya ƙi daina neman garkuwar da babu.

"Yanzu wane ɓangare kake?" amarya ta tambaya.

"Wallahi ban sani ba, Likitata. Gem ɗin ya yi daɗi, kuma ina jin haushinsa."

"Matsa in nuna maka."

Ta ɗauko ƙaramin kwalin da Baba ya ba su ranar biki ya ce kada a buɗe sai gem ya fito. A ciki tsohon pad ɗin ne mai jan maɓalli. Wannan karon an manna masa farin tef, da rubutun Baba irin na shago.

"Na Auta da mijinta. An gyara sau biyu. Allah ya yi muku albarka."

Ta karanta a fili har tsakiya. Shi ya ƙarasa mata, suka ce amin tare.