Wuƙar Bayan Zarto

Ƙarfe tara na safiyar Talata katako ya kashe Mu'azu mai tsaga. A shagon tsaga katako na Alhaji Gwadabe ne, bayan kasuwar Suleja, a shekarun da baki ke kuɓuce wa mutane su kira garin da tsohon sunansa, Abuja. Falankin madaci ya taso daga kan injin ya daki Mu'azu a ƙasan haƙarƙari. Kafin a samo mota ya cika.

Da Saje Theophilus ya iso, jama'a sun gama shari'arsu. Sun zagaye wani kafinta, Ignatius, yana zaune a ƙasa, leɓensa a fashe. Akwatin kayan aikinsa a buɗe, a samansa wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa kamar lauje.

"Mene ne wannan?" in ji Saje.

"Wuƙar baya ce," in ji Alhaji Gwadabe, mai shagon. "A bayan zarto ake ɗaure ta. Ita ke hana tsagar katako rufewa. In babu ita, katako ya matse zarto, haƙoran su ɗaga shi su wurgo wa mai turi. Jiya da magariba na gan ta a wurinta da idona. Yau ga ta a akwatin wannan."

"Me ya haɗa shi da mamacin?"

"Shekaranjiya sun yi cacar baki. Kowa ya ji."

Saje ya dubi sauran ma'aikatan, su huɗu. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Saje ya sa wa Ignatius ankwa, ba don ya yarda ba, sai don in ya bar shi a hannun mutanen nan, gawa biyu za a ɗauka.

A caji ofis Ignatius bai yi kwana-kwana ba.

"Oga, mun yi faɗa, gaskiya ne. Cewa na yi ya daina tura katako a injin nan. Ya ce ni ba ni da 'ya'ya biyar. Mako uku ke nan babu wuƙa a kai."

"Wa ya cire?"

"Ban gani ba. Ni mai haɗa ƙofa ne, bencina na waje."

"Wa zai ba ka shaida?"

Ignatius ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Tsakanin bakina da na Alhaji? Haba, Oga."

Abin ya tsaya wa Saje a rai, don ya san gaskiya mutumin ya faɗa. In aka kai ƙarar nan kotu a haka, laifin kisa ne, kuma wuyan Ignatius ne zai amsa.

Ya fara da Vincent, makaniken da ke duba injin dizal mai juya zarton, tunda shi ne mai sifanu. Ya tarar da shi kwance a ɗakinsa a Madalla, ƙafa a ɗaure, kwana goma bai taka ƙasa ba tun da babur ya kayar da shi. Ba shi ya sa wuƙar a akwatin ba ke nan, aka fitar da shi daga zargi. Amma ya bar Saje da magana ɗaya: sifanar kwance zarto guda ce tak, kuma a ofishin Alhaji take rataye.

Washegari Saje ya je gidan mamacin. Matarsa, Ummulkhairi, ta amsa masa ta bayan labule.

"Allah ya ba ki haƙuri, Malama. Ya taɓa yi miki ƙorafin aiki?"

"Ba mai ƙorafi ba ne. Amma ni ke masa wanki. Tun da Alhaji ya dawo daga Kaduna da sabon zarto, kullum sai ya naɗe takardar buhun siminti ya cusa cikin riga kafin ya fita. Na tambaye shi, ya ce injin ya koyi harbi."

"Yaushe ke nan?"

"Mako uku. Cikinsa duk tabo ne. Na ce ya bari. Ya ce me za mu ci."

Da azahar Saje ya koma shagon da Ignatius da kurata biyu. Har an share jinin an ci gaba da aiki, abin da ya ƙara ɓata masa rai. Ya sa aka kashe injin, aka zare bel, sannan ya tara kowa. Ya miƙa wa Alhaji wuƙar.

"Alhaji, taimaka mini. Mayar da ita yadda ka gan ta ran Litinin da magariba."

"Ai akwai ma'aikata."

"Kai ka gani. Kai nake so."

Alhaji ya naɗe hannun babbar riga ya durƙusa. Shekara shida rabonsa da ya taɓa injin da niyyar aiki, sai dai ya tsaya daga bakin ofis ya ce a yi sauri. Ya lalubi ramukan noti biyu bai same su ba. Garin katako da baƙin mai sun toshe su, sun daskare. Sai da ya sa ƙusa ya ƙwaƙule.

"Ramin da aka kwance noti shekaranjiya da dare ke nan?" in ji Saje a hankali.

Alhaji ya ɗora wuƙar. Ta ƙi zama. Bakinta ya hau kan haƙoran zarton. Ya juya ta, ya danna, ya sake juyawa. Gumi ya jiƙa masa hula.

Saje ya shiga ofis ya fito da tsohon zarto da ya hango a bayan ƙofa. Ya kara wuƙar a gefensa, ta bi shi cif.

"Ga abokinta," in ji shi. "Sabon zarton ya fi wannan faɗi da yatsu uku. Wuƙar nan ba ta taɓa zama a bayansa ba, ba za ta iya ba. Ranar da aka ɗaura shi aka cire ta, kuma sifanar a ofishinka take. Saboda haka ba ka gan ta ran Litinin ba. A wurinka take tun mako uku. Da jama'a suka watse neman mota, ka ɗauko ta ka jefa a akwatin da ke buɗe."



"Gimshiƙan ƙofa masu kauri aka ba ni kwangila," in ji Alhaji daga inda yake durƙushe. "Ƙaramin zarton ba ya ratsa su. Na ce a lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Ban nufi yaron da mutuwa ba, wallahi."

"Na yarda. Ignatius fa?"

Alhaji ya ɗago, kamar tambayar ta ba shi mamaki. "Dole wani ya ɗauka, Saje. Shi kuma ba shi da kowa a garin nan."

Aka cire ankwar daga hannun Ignatius aka sa wa Alhaji. Sai ga bakunan ma'aikata sun buɗe. Wannan ya ce shi ma injin ya taɓa harbinsa, wancan ya ce dama tun farko bai yarda ba. Saje ya rubuta sunayensu yana jin kamar ya mare su ɗaya bayan ɗaya.

Ignatius ya rufe akwatinsa ya ɗora a ka.

"Ina kuma za ka? An wanke ka," in ji Saje.

"Tasha, Oga."

"Babu mai sake taɓa ka."

"Na sani." Ya dubi mutanen huɗu, babu wanda ya iya haɗa ido da shi. "Shekara takwas muna cin tuwo a kwano ɗaya. Jiya ana dukana suna tsaye, kuma duk sun san ranar da aka cire ta."

Ya tsaya a gidan Mu'azu ya yi wa Ummulkhairi gaisuwa daga zaure. Daga nan ya wuce tasha, ya shiga motar farko da ta cika.