Ƙunshi Na Biyar A Jakar Baba Mai Hoto

Sufeto ba ta gama ajiye jakarta ba Saje ya shigo mata da tsoho da ƙorafinsa. Kallo ɗaya ta gane shi. Baba Mai Hoto ne, wanda ya ɗauki hoton mahaifiyarta tilo da ke rataye a ɗakinta, ya kuma ƙi karɓar komai. Shi bai tuna ba, ita kuwa har gobe tana gode masa.

"Zauna, Baba. Me ya faru?"

"An sace min dogon gilashin kyamara, mai jawo nesa kusa. Jiya mun je tafki ɗaukar tsuntsaye, ni da Gwani, tsohon ɗalibina, da Dogo direba. Sai da na dawo gida na buɗe jaka na ga babu shi." Ya share gumi. "Amma ba gilashin ya kawo ni ba, 'yata. Gwani ya ce Dogo ne, ga shi an sa shi bayan kanta. Shekara ashirin muna maƙwabtaka. In sunan ɓarawo ya bi shi, wa zai ƙara ba shi mukullin mota?"

"Ka zo da jakar?"

Ya ɗora ta a tebur kamar mai ajiye jariri. Jakar goyo ce baƙa, mai rigar ruwa, cikinta an raba shi ɗaki-ɗaki da soso.

"Yaya aka cire abu mai nauyi haka ba ka ji a kafaɗa ba?"

Baba ya nuna mata. A gurbin gilashin akwai dutse, an naɗe shi a ƙyallen goge kyamara, an matso da soso ya riƙe shi gam.

"Wurin ma ɓarawon ya iya zaɓa," in ji Baba. "Abu mai nauyi ƙasa ake sa shi, jikin bayan mai goyo, don kada ya karya ƙugu. Haka nake koyarwa."

Sufeto ta ɗago wani ɗan ƙunshin takarda mai ƙwayoyi a ciki. "Wannan fa?"

"Maganin danshi. Kowane ɗaki da nasa, guda biyar. Nakan rubuta ranar da na sa shi da jan biro, in ya tsufa in canja. Shekaranjiya na canja su duka."

Ta duba ɗaki-ɗaki. Huɗu ta samu. Ta zuge jakar.

Aka fito da Dogo. Dogon ne kuwa, sai dai kwana ɗaya a bayan kanta ya ranƙwafar da shi.

"Jakar tana mota lokacin da Baba ya sauka bakin ruwa?"

"Tana but, ranki ya daɗe. Ƙaramar kyamara kawai ya ɗauka."

"Kai kuma kana ina?"

"Ina cikin mota. Ko motsi ban yi ba."

"To lakar da ta bushe a wandonka har gwiwa, a kan sitiyari ka same ta?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Na yi ƙarya. Na ga masu kamun kifi ne, na bi su kallo, na bar motar a buɗe. Kunyar Baba ce ta hana ni faɗa."

Sufeto ta zazzage kayan jakar a tebur. "Mayar min da su."

Dogo ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Ya jefa batura a kan kyamara, ya cusa dutsen a sama, ƙunshin maganin kuwa ya share su gefe, ya ɗauka shara ce. Baba ya runtse ido kamar ana cire masa haƙori.

"Ya isa," in ji Sufeto, tana danne dariya. "Saje, a ba shi shayi."

Da hantsi Sufeto da Saje suka isa shagon Gwani. Shago ne tsaf, fitilu a jere, shi kuma mai shagon baki ya fi fitilun haske.

"Ranki ya daɗe, abin ya dame ni. Baba uba ne a wurina."

"Ka taɓa jakarsa jiya?"

"Ni? Wata uku rabon da in sa hannu a kayan Baba. Ina can ɗaya gefen tafki ina nawa aikin."

"Madalla. Wata alfarma nake nema. Ofis zai saya mana jakar kyamara, ni kuma ban san kanta ba. Me ake dubawa?"

Mai sana'a ba ya jin irin wannan tambaya ya yi shiru. Gwani ya sauko da tasa jakar, ya buɗe ta gaban Sufeto.

"Farko a auna kaya kafin a zaɓi jaka. A duba ɗinkin maɗauri, a duba zif. Mai nauyi ƙasa, jikin baya. Batura da kati a aljihun gefe. Sannan danshi, ranki ya daɗe, shi ne babban abokin gaba. Gilashi ba ya kwana ba magani, balle an je bakin ruwa."

"Irin wannan?" Ta sa yatsu biyu ta zaro ƙunshi daga wani ɗaki da babu komai a ciki. Ta juya shi. Ga jan biro, ga kwanan watan shekaranjiya, da rubutun tsoho mai karkarwa.

"Wata uku ka ce ko?"



"Ɓarawon titi da jakar zai gudu gaba ɗaya," in ji Sufeto. "Wanda ya naɗe dutse don kada ya ƙuje kyamara, ya kuma tausaya wa gilashi ya ɗauko masa maganinsa, Baba ne ya koya masa aiki. Ina yake?"

Yana ƙasan kabad, a naɗe cikin tawul.

Da Baba ya shigo, Gwani ya kasa kallonsa. "Na samu aikin ɗaukar wasan ƙwallo, gilashina ba ya kaiwa. Na ji nauyin roƙo. Da na ga Dogo ya bar mota, sai zuciya ta ɗebe ni."

"Ka ji nauyin roƙo, ba ka ji nauyin ɗora wa bawan Allah sata ba?" in ji Baba. "Idona ya fara gajiya. Jiya fitata ta ƙarshe ke nan da shi. Niyyata in mun dawo in sa maka shi a jakarka da hannuna."

Saje ya sa wa Gwani ankwa. Har aka kai shi mota bai ɗago kai ba.

A ofis, Dogo ya yi ta godiya har da hawaye. Baba ya dubi Sufeto. "'Yata, ban san da me zan saka miki ba."

"Ka riga ka saka, Baba. Wata mata mai ɗinki ta taɓa zuwa shagonka da 'yarta, ka ɗauke ta hoto kyauta. Shi kaɗai ya rage min nata."

Tsohon ya daɗe yana kallonta, sannan ya gyaɗa kai. Ya mayar da gilashin ɗakinsa, ya sa ƙunshi na biyar a gefensa, ya zuge jakar. Shekara ashirin bai taɓa barin Dogo ya taɓa ta ba. Ya miƙa masa.

"Riƙe min, maƙwabci. Da hannu biyu."