Littafin Baba Ya Ƙi Buɗuwa

"Sake dannawa," na ce.

Muzammil ya sake dannawa. Shafin ya buɗe a kan sabuwar kwamfutar, sai dai ba rubutu ba ne a ciki. Ƙananan akwatuna ne a jere, da alamomin tambaya, da wasu karkatattun haruffa da ban taɓa gani ba.

"Wannan babi na nawa ne?"

"Na bakwai."

"Na ɗaya fa?"

"Duk haka suke, Hidaya..."

Na laluba kujera na zauna.

Babana, Malam Maiwada, malamin gona ne da ya yi ritaya. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana hawa babur daga nan Ajingi zuwa Gafasa, garin haihuwarsa, yana zama da tsofaffi yana rubuta abin da suka sani: wa ya fara sarar wane daji, wa ya haƙa wace rijiya, yadda aka tsira a shekarun yunwa. In ya dawo sai ya buga a tsohuwar kwamfutarsa da yatsa biyu. Babi goma sha huɗu. Takardun da ya rubuta da hannu ruwa ya cinye su shekarar da rufin ɗakinsa ya rufta. Tsofaffin kuma duk sun riga mu gidan gaskiya.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Magana da ƙyar take fita, amma kullum na kai masa koko sai ya tattara ƙarfinsa ya ce, "Littafin?"

Da kwamfutar tasa nake aiki a ɗan shagon buga takardu da na buɗe a ƙofar gidanmu. Ta sanadinta ma na san Muzammil, mai gyaran kwamfuta a Gaya. Sau uku ya zo gyara, na huɗun ya zo ba tare da komai ya lalace ba. An sa mana rana bayan kaka. Shi ya kawo min sabuwar a matsayin kyauta, saboda tsohuwar sai ta kusa rabin awa kafin ta farka.

Ranar Litinin ya kwashe komai a filash ya zuba a sabuwar. Kafin mu buɗe mu gani aka ɗauke wuta.

"Zan dawo Asabar mu duba ɗaya bayan ɗaya," ya ce yana ɗaura hular kwanonsa. "Kafin nan kar ki bari kowa ya taɓa tsohuwar, kin ji, Hidayata?"

Na ce na ji.

Yau ga Asabar ɗin.

Ya durƙusa a gabana, ya sassauta murya.

"Share hawayenki, abar ƙaunata. Babu abin da ya ɓata. Manhajar da Baba ya yi rubutun da ita tsohuwa ce, sabuwar kwamfuta ba ta san ta ba. Su ƙa da ɗa da ɓa ɗin ma wani tsarin haruffa ne na musamman da aka saka a waccan. Mu kunna tsohuwar kawai, in juya su zuwa abin da wannan za ta gane."

Ya miƙe ya juya wajen teburin lungu.

Babu komai a kai sai shatin inda ta zauna shekara da shekaru.

"Ina take?"

Na kawar da kai gefe.

"Hidaya, ina take?"

Sai na faɗa masa. Tsohuwar firintar ta ƙi aiki da sabuwar kwamfutar, ko bakin wayarta bai shiga ba. Kwana uku masu kawo aiki suna juyawa. Ranar Alhamis Ja'afar ya shigo shagon, ɗan Kawuna, wanda ya taɓa neman aurena na ce a'a. Ya ce ya san wani a Kano da zai karɓi tsofaffin biyu ya ba da sabuwar firinta. Na ga ai komai yana cikin sabuwa. Da hannuna na taya shi ɗaure su a bayan babur.

Muzammil bai yi min faɗa ba. Da ma ya yi.

Ya karɓi wayata ya kira Ja'afar, ya karɓi lambar mutumin Kano, ya kira shi. Ina kallon fuskarsa har ya sauke wayar.

"Sun goge ta tun jiya. Sun ma farfasa ta sun sayar da kayan cikin."

Kukana ne ya fito da Umma daga cikin gida. Ba a jima ba sai ga Ja'afar, kamar da ma yana jira a bayan katanga. Muka tsaya a tsakar gida, daf da ƙofar ɗakin Baba, labulen a ɗage.

"Wai me ya faru?" Umma ta tambaya. "Ina kwamfutar Malam?"

Ja'afar ya riga kowa.

"Umma, ai wanda ya kawo sabuwa shi ya san inda tsohuwa ta tafi. Aikinsu ke nan masu gyara, su ba ka da dama su kwashe da hagu."

Muzammil ya kalle ni.

Ba kallon tuhuma ba ne. Jira kawai yake yi.

"Hidaya, haka ne?" in ji Umma.

Ta ƙofar ina hango Baba a kwance, idonsa a kanmu. Ni ce 'yarsa tilo. Ni ya koya wa buga rubutu a kan cinyarsa. Na ji in ya san ni na yi, ba zai kai gobe ba.

Na sunkuyar da kai.



"Laifina ne, Umma," Muzammil ya ce a hankali. "Ku yi haƙuri."

Umma ta saki labulen ɗakin Baba, ta dawo ta rage murya don kar ya ji.

"Shekara goma sha ɗaya na wahalar bawan Allah. Tun ba ka shigo gidan ba ka fara yi mana haka? Kama hanya, Muzammilu. Kar in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Ya ɗauki filash ɗinsa ya fita. Ban bi shi ko da ido ba.

Cikin mako guda Kawu ya sa aka mayar wa iyayen Muzammil da kayan sa ranarsu.

Ja'afar ya mayar da shagona wurin zamansa. Ya kawo balangu, ya kawo lemo, ya zauna yana murmushi.

"Kin ga yadda na rufa miki asiri ko, ƙanwata? Wani bare ba zai yi miki haka ba."

"Fita min daga shago, Yaya Ja'afar."

"Zan fita. Amma ki tuna mu biyu ne muka ɗaure ta a babur."

Na tura wa Muzammil saƙo ya fi ashirin. Na ce ya yafe min, na ce tsoro ne, na ce zan gyara. Sau ɗaya ya amsa: "Ki kula da Baba." Wata ƙawata da ke aure a Gaya ta ce shagonsa a rufe yake, ba a san inda ya shiga ba.

Baba kuwa mun gaya masa wai ƙaramar matsala ce, an kai gyara. Kullum da safe tambayar ɗaya ce.

"Littafin?"

"Ana kan bugawa, Baba."

Sai ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Ni kuma in fita bayan ɗaki in toshe bakina da mayafi.

Gero ya nuna, aka yanke, aka gama tugar gyaɗa. Ranar da aka sa za a ɗaura mana aure ta zo ta wuce kamar kowace rana. Jikin Baba ya ƙara rikicewa, abinci sai cokali biyu.

Wata Laraba da hantsi ina shara na ji sallama a zaure. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

Muzammil ne. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana rungume da wani kwali a ƙirjinsa.

Umma ta riga ni isa.

"Ba na ce..."

"Ba shiga zan yi ba, Umma. Wannan na kawo wa Baba."

Ya buɗe kwalin. Takardu ne fal, an jera an ɗinke gefensu da zare. A saman shafin farko ga sunan Baba.

Ashe wata biyun nan yawo ya yi, daga wannan maɗaba'a zuwa waccan a cikin Kano, yana neman mai irin tsohuwar manhajar. Sai da ƙyar aka haɗa shi da wani dattijo, Malam Ɗantani, da har yanzu yake aiki da kwamfuta sa'ar ta Baba. A nan fayilolin suka buɗe. Haruffa masu lanƙwasa ba su fito ba, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gyara da hannu, shafi ɗari uku da wani abu.

"Babi tara ne," ya ce, yana kallon ƙasa. "Biyar na ƙarshe ba su kwafu daidai ba tun ranar farko. Ban duba ba kafin in tafi. Wannan kam laifina ne."

Daga ɗaki muka ji muryar Baba, da wani ƙarfi da muka manta yana da shi.

"Muzam... milu."

Umma ta matsa gefe.

Muzammil ya shiga ya zauna a bakin katifar ya ɗora wa Baba takardun a ƙirji. Baba ya dinga shafa su da hannunsa mai lafiya. Can ya yi masa alama ya karanta.

Ya fara daga babi na ɗaya. Yana cikin karatu ya ambaci sunan wani tsoho, ya ce Bubayaro. Baba ya ɗaga yatsa.

"Buba... yero."

"Bubayero. Na gode, Baba, zan gyara."

Baba ya yi dariya da rabin bakinsa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Rabon da in ga dariyarsa tun kafin ciwon. Bai tambayi sauran babi biyar ɗin ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Kwana goma sha biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa, takardun suna gefen matashinsa.

Bayan sadakar bakwai, dangi sun ragu, Kawu da Ja'afar suna zaune a tsakar gida da Umma, na zo na durƙusa.

"Umma, ni na ba da kwamfutar Baba. Muzammil ya ce kar a taɓa ta. Ni na ba Yaya Ja'afar da hannuna, shi ya kai ta Kano."

Ja'afar ya miƙe. "Wannan yarinyar baƙin ciki ya taɓa mata..."

"Zauna," in ji Kawu, bai ko ɗaga murya ba.

Umma ta daɗe tana kallona.

"Kina tsaye na kori yaron nan?"

"Ina tsaye."

"Kina ji ya ce laifinsa ne?"

"Ina ji, Umma."

Ta ja mayafin takabarta ta rufe fuska. "Kin sa na ɗauki alhakin bawan Allah, Hidaya. Ki je ki nemi gafararsa. Ki ce ni ma ina nema."

Washegari Kawu ya je wajen iyayen Muzammil ya ba da haƙuri. Suka ce ba komai, amma maganar aure sai abin da yaro ya ce. Ranar da ta biyo na hau motar Gaya.

Na same shi yana haɗa kayan shagonsa a buhu. Malam Ɗantani ya ba shi aiki a Kano.

"Na faɗa musu gaskiya," na ce daga bakin ƙofa. "Duka."

"Kawu ya gaya min. Shigo ki zauna, rana ta yi zafi."

Ban zauna ba.

"Ka yafe min, masoyina..."

"Na yafe tun ranar. Wallahi na yafe."

"To ka dawo. Umma ta ce a sake sa rana, ko wata mai zuwa ne."

Ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ba kwamfutar ba ce, Hidaya. Kowa yana kuskure, ni ma ga babi biyar na ɓatar. Ranar nan ma na fahimce ki, Baba yana ji, shi ya sa na karɓa. Amma na ɗauka in kin shiga ɗaki da Umma za ki faɗa mata. Da aka dawo mana da kayan sa rana na ce yau za ta faɗa. Mahaifiyata ta daina zuwa biki saboda ana nuna ta ana cewa ɗanta ya sayar da kayan mara lafiya. Wata biyu ina jira."

"Tsoro na ji..."

"Na sani. Ni ma yanzu shi nake ji. In na kalle ki sai in ga kin sunkuyar da kai. Na yi addu'a, na yi istihara, abin ya ƙi barin zuciyata. In na aure ki a haka zan cuce ki."

"Ko nan da shekara?"

Ya girgiza kai, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kar in sa ki jira abin da ban tabbatar ba."

Na yi kuka har na gaji, yana tsaye bai hana ni ba. Da na yi shiru ya miƙo min filash.

"Babi taran ne, na gyara sunan nan. Wannan zai buɗe a kowace kwamfuta. Ki ajiye a wuri biyu."

Ya rako ni tasha. Motar Ajingi saura mutum ɗaya, ya buɗe min ƙofa ya jira na gyara zama. Sai ya zagaya wajen direban, wani dattijo da ya san shi.

"A'a, Muzammilu, amaryar ce?" direban ya tambaya yana leƙo ni ta madubi.

"Ƙanwata ce, Baba. Rasuwa aka yi musu. Don Allah a sauke ta a ƙofar gida."

Motar ta tashi. Matar da ke kusa da ni ta dafa gwiwata ta ce Allah ya jiƙan wanda ya rasu, Allah ya ba ni haƙuri.

Na ce amin.